Gawon Alƙasum da Iccen Tsibiri

Akwai wani ma'aikacin gandun daji a Tawa, sunansa Attahiru. A 1983 ya dawo daga karatu a ƙasar waje da ƙwayoyin wani icce mai suna ok, wanda ke fitowa kan duwatsun wani tsibiri inda ruwan sama ba ya yankewa. Kai, mutumin nan ya ji kansa! Ya rantse sai ya mai da yankinsu na Adar kurmi.

Ya zaɓi wani kwari kusa da Barmu, a gonar wani tsoho, Alƙasum. Gawo uku ne a wurin. Fari ya cinye ciyawa ƙaf, 'ya'yan gawon kaɗai ke riƙe da akuyoyin tsohon biyu. Nononsu kuwa shi ne abincin jikarsa Rahamatu, jaririyar da uwarta ta rasu.

Attahiru ya ce a sare gawon, wai za su shanye wa shukarsa ruwa.

Alƙasum ya durƙusa ya ce, "Ranka shi daɗe, ka bar mini ko guda. Iccen ga shi ka ciyar da awaki, awaki ka ciyar da ɗiyar ga."

"Baba, ni na yi karatun itace, ba kai ba."

Zamanin soja ne, wa zai ja da mai kaki? Aka sare. Aka kuma ɗora wa tsohon ban-ruwa, tulu guda kullum, daga rijiyar da sai an jira ta taru.

Ƙwayoyin sun tsiro, amma zafin bazara ya ƙone su ƙurmus. Akuyoyin suka rame, nono ya ƙafe. Aka gwada ba Rahamatu kunun dusa, cikinta ya ƙi.

Wata ranar Laraba Attahiru ya zo dubawa, ya tarar da ramukan shuka a bushe. Ya shiga garin yana faɗa, sai ya iske mutane zaune jugum a ƙofar gidan tsohon.

"Don me ba a yi ban-ruwa ba yau?"

Alƙasum ya ɗago kai a hankali. "Ka yi mini gahwara, ranka shi daɗe. Tulun na yau da shi munka yi ma Rahamatu wankan gawa."

Nan Attahiru ya zube cikin masu zaman makoki, babu wanda ya ko dube shi.

Darasi: Ilimin da ba ya sauraren mutanen wuri ɓarna yake yi. Kafin ka rushe abin da ka tarar, tambayi wa ke rayuwa da shi. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu riƙe da iko.