Mai Jitar Da Ya Ƙi Yafewa

An yi wani mutum, makaɗin jita, ba da daɗewa ba. Ba zan kama sunansa ba, domin ya riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansa kuma suna nan da rai. Kafin wani ya ɗaga mini hannu, yau ban zo da maganar hukuncin kiɗa ba, wannan karatun wata rana ne. Ciwon da zan ba ku labarinsa yana kama makaɗi, yana kama tela, yana kama mai wa'azi ma.

Wannan mutum bai shiga makarantar kiɗa ba, da kunne ya koya. Idan ya ji waƙa sau ɗaya a rediyo, kafin a gama karanta labarai ya fitar da ita a tsirkiya. Shi da yayansa, wanda yake kaɗa ganga, suke yawon gidajen biki. Yayan ne ya saya masa jitarsa ta farko. Yayan ne yake ɗaukar lasifika a ka idan mota ta kasa shiga lungu. Suna samun na abinci, ana yi musu tafi, har ƙanen ya yi aure.

Wata rana aka yi sanarwa cewa ƙungiyar makaɗan gidan rediyo tana neman mai jita. Shugaban ƙungiyar wani ne da ake kira Farfesa, makaɗin fiyano. Ba jami'a ce ta ba shi sunan ba. Ya dai yi karatun kiɗa mai zurfi, yana karanta rubutun sauti kamar yadda kuke karanta wasiƙa. A ganinsa, duk wanda bai iya wannan karatu ba hayaniya kawai yake yi.

Matar mai jita ta goge masa rigarsa mai kyau, ya tafi. Aka shigar da shi wani ɗaki mai sanyi, bangonsa lulluɓe da soso, makaɗa goma sha biyu zaune kowa da takardarsa. Farfesa ya ajiye masa takarda a gaba, ya ce ya kaɗa. Kunya ta hana shi cewa bai iya karatun ba. Sai ya ƙura wa takardar ido, ya riƙa kaɗa abin da ya zo masa. Kuma ya kaɗa da daɗi, wallahi. Farfesa ya bar shi ya kai ƙarshe, sannan ya tako a hankali, ya kama takardar da yatsa biyu, ya juya ta. Ashe da gangan ya ajiye masa ita a juye, samanta a ƙasa.

Ɗakin ya fashe da dariya.

Farfesa ya ce, “Malam, koma gidan biki. Can ba a sauraro, rawa ake yi. Mu nan kiɗa muke yi.”

Ya 'yan uwa, an zalunci wannan mutum? Ƙwarai an zalunce shi. Kuma da ya kai ƙararsa ga Allah ya bar ta can, da ya huta. Amma bai yi haka ba. Ya ɗauki dariyar nan ya kai ta gida, ya shimfiɗa mata tabarma a zuciyarsa, yana ciyar da ita safe da yamma har shekara ashirin.

A cikin shekarun nan Allah ya buɗa masa. Wata waƙarsa ta karɓu, wata ta biyo ta. Ya gina situdiyo nasa, da gilashi tsakanin ɗakin ɗauka da ɗakin na'ura. Aka zaɓe shi shugaban ƙungiyar makaɗan garin baki ɗaya. Kuna tsammani wanda ya ɗanɗani wulaƙanci zai tausaya wa na ƙasa da shi? Ko kusa. Rainin da aka zuba masa, shi ya riƙa ɗiba yana raba wa kowa. Masu karanta takarda, ya ce aku ne, abin da aka rubuta musu kaɗai suke maimaitawa. Masu waƙar yabo, ya ce maroƙa ne da suka sami kwat. Matasan da suke haɗa waƙa a waya, ya sa musu suna kwaɗin damina. Idan sabon mawaƙi ya kawo masa abin da ya yi, sai ya saurari kaɗan, ya cire abin sauraro daga kunnensa, ya tambaye shi ko a gidansu babu wata sana'a.

Har raini ya kai ga yayansa. Suna cikin ɗaukar waƙa, a gaban sababbin makaɗa, ya danna maɓalli ya yi magana ta bayan gilashi.

“Yaya, hannunka ya yi nauyi. Na'ura ta fi ka riƙe lokaci.”

Yayan ya ɗago kai. “Ni kake faɗa wa haka, ƙanena?”

“Aiki ne, Yaya, ba zumunci ba. Wannan kiɗan naka na tsakar gida ne.”

Dattijon ya miƙe. Ya rataya gangarsa, ya fita.

Shi kuwa Farfesa, mai jita bai manta da shi ba ko na yini ɗaya. Ya yi amfani da kujerarsa, ya bi ofis-ofis yana cewa babu mai sauraron ƙungiyar gidan rediyo, har aka rushe ta. Magidanta goma sha biyu suka wayi gari babu aiki. Ya ɗauki shida daga cikinsu, don kawai ya ji waɗanda suka yi masa dariya suna ce masa ranka ya daɗe. Duk da haka zuciyarsa ba ta yi sanyi ba. Ramuwa haka take, kana ba ta tana ƙara buɗe baki.

Sai ya shirya babban wasa a babban ɗakin taro na garin, da la'asar, don murnar shekarunsa a sana'a. Ya aika wa Farfesa takardar gayyata, wai za a karrama shi. A lokacin Farfesa ya tsufa, ido ya yi rauni, yatsu sun kumbura da ciwon gaɓɓai.

Matarsa ta san abin da ya ƙulla. Ta ce, “Baban yara, tsoho ne fa. Ai Allah ya rama maka tuntuni. Dubi inda kake, dubi inda yake.”

Ya ce, “Ke ba ki cikin ɗakin ranar.”

Ranar wasa ɗaki ya cika maƙil. Ana tsakiyar kiɗa ya tsayar, ya kira Farfesa. Tsohon ya hau dandamali yana dogara sanda, 'yarsa tana riƙe da hannunsa, jama'a suna tafi. Mai jita ya zaunar da shi a gaban fiyano, ya ba mutane labarin takardar nan tiryan-tiryan. Sannan ya ce, “Yau babu takarda. Bari mu ga ko Farfesa yana da kunne.”

Ya ba makaɗa alama, suka saki waƙarsa mafi sauri. Tsohon ya ɗora hannu yana laluben sautin, yatsun suka ƙi. Mai jita ya tsayar da kiɗa, ya ce a sake. Wasu suka yi dariya. Aka sake, ya kuma tsayarwa. A karo na uku babu wanda ya yi dariya, sai ƙarar fanka kake ji.

Farfesa ya miƙe da ƙyar, ya nemi a ba shi makirufo. Ya ce, “Ɗana, abin da ka faɗa gaskiya ne. Na zalunce ka, kuma na daɗe da sani. Ranar nan ka fi duk wanda yake ɗakin iya kiɗa, shi ya sa na yi maka haka. Ban zo karɓar kyauta ba, gafararka na zo nema. Ka yafe mini.”

Ya 'yan uwa, ku dubi ƙofar da Allah ya buɗe wa bawan nan. Wanda ya cuce shi ya durƙusa masa a gaban dubban mutane. Me kuma ya rage? Kalma ɗaya ce, da ya fita daga ɗakin nan ya fi kowa girma.

Ya fizge makirufon ya ce, “Ban yafe ba! Har gaban Allah ban yafe ba. Sauka!”

Tsohon ya juya. Hawaye ya rufe masa ɗan ganin da ya rage, ya kuskure matakala, ya faɗi, ƙugunsa ya karye. Makaɗan nan shida suka ajiye kayansu a kan dandamali, suka sauka suka ɗauke shi. Sauran makaɗan suka bi su. Jama'a suka tashi layi-layi suna fita. Aka bar mai jita shi kaɗai, jita a wuya, yana kiran a dawo wasa bai ƙare ba.

Farfesa bai ƙara tashi daga gadon asibiti ba. Bayan mako uku ya rasu.

Daga nan abubuwa suka zubo masa ɗaya bayan ɗaya. Ƙungiya ta tsige shi. Waɗanda suka gayyace shi wasa suka janye. Ya nemi makaɗa, kowa ya ce yana da uzuri. Su kuwa matasan da ya kira kwaɗi, sun ɗauki abin da ya faru a wayoyinsu. Suka yanko muryarsa daidai inda yake ihun bai yafe ba, suka ɗora a kan kiɗan rawa. Waƙar ta bazu fiye da duk wadda ya taɓa yi. A shagon aski ita ce, a cikin motar haya ita ce, 'yan makaranta suna rera ta idan ya wuce.

Wata rana da hantsi yana zaune a situdiyonsa da babu kowa, sai ya jiyo ta daga shagon maƙwabcinsa. Zuciya ta ɗebe shi, ya dunƙule hannun hagu ya naushi gilashin nan. Gilashin ya yanke masa jijiyoyi. Likitoci suka ɗinke, amma yatsu uku ba su ƙara lanƙwasawa ba. Mai jita da ba ya iya danna tsirkiya, me ya rage masa?

Situdiyo ya tafi, gida ya bi. Fushinsa ya koma kan iyali, har matarsa, wadda ta yi haƙurin shekara da shekaru, ta tattara ta koma wurin babban ɗansu. Ya je gidan marigayi Farfesa ko zai sami sauƙi, 'yar ta leƙo ta gan shi, ta mayar da ƙofa ta rufe.

Wa ya karɓe shi? Yayansa. Ya share masa ɗakin ƙofar gida, ya sa ana kai masa abinci. To ku ji abin da ya fi ba ni tsoro a labarin nan. Idan yayan da abokan sana'arsa suna gwaji a tsakar gida kafin su tafi biki, sai a jiyo shi daga ɗaki yana tsaki, yana cewa wannan ba kiɗa ba ne. Yana cin abincin da gangar ta kawo, yana raina gangar. A haka mutuwa ta same shi. Waɗanda suka raka gawarsa ba su cika sahu biyu ba.

Ya 'yan uwa, baiwa aro ce. Wanda ya ba ka kunne shi ya ba wani karatu, shi ya ba wani hannu, kuma yana karɓe abinsa ranar da ya so. Kalmar “na fi shi” kun san wanda ya fara furta ta, kun san inda ta kai shi. Farfesa ya yi girman kai, amma ya tuba kafin ƙasa ta rufe masa ido. Wannan kuwa an zalunce shi sau ɗaya, shi ya zalunci ɗaruruwa, yana ganin hakkinsa yake karɓa. Kai da kake zaune a nan, wa ka raina a sana'arka saboda bai kai ka ba? Wa ka ƙullata kake jiran ranar da zai shigo hannunka? Idan ya zo neman gafara, kada ka bari ya juya.

Ya Allah, ka wanke zukatanmu daga girman kai da ƙullaci. Kada ka ba mu iko a kan wanda muke fushi da shi sai ka ba mu tausayi tare da ikon. Allah ya kiyaye mu da mummunar cikawa, mu da iyayenmu da zuriyarmu. Amin.