Ranar da Makara Ta Je Kallon Ƙwallo

Akwai wani ɗan kabu-kabu a Matameye, sunansa Munkaila, wanda in ana zancen ƙwallo ba ya ji ba ya gani. Shi ne jagoran magoya bayan ƙungiyar garin. Shi ke tara makaɗa, shi ke ƙago waƙar zambo, in rigima ta tashi kuma shi ne a gaba.

Duk duniya ba wanda ke tsone masa ido kamar 'yan Kance, maƙwabtansu. Bara da suka ci Matameye, sai suka sa wa jaki rigar ƙungiyar Matameye suka zaga kasuwa da shi. Hoton ya bi wayoyi har Kano, wurin 'yan ci-rani. Tun ranar Munkaila bai ƙara samun sukuni ba.

Da aka sa ranar karawar bana a filin Matameye, sai ya kasa zaune ya kasa tsaye.

"Su jaki suka yi," ya ce wa abokansa. "Mu jana'iza za mu yi musu."

To, a gida akwai kawunsa Malam Bawa, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa, har babur ɗin da yake nema da shi ma shi ya saya masa. Tsohon ya jima a kwance. Ranar wasan, yayarsa Jamilatu ta tare shi a zaure.

"Munkaila, yau jikin Kawu ba daɗi. Ka zauna kusa."

"Haba Yaya, ƙwallo ce fa, ba ci-rani ba. Yanzu za ki gan ni."

Makarar unguwarsu a bayan masallaci take jingine, ba kulle ba mai gadi, domin mutuwa ba ta sallama, kuma ba wanda ya taɓa zaton mai hankali zai yi wasa da ita. Da aka watse daga sallar azahar, Munkaila da mutanensa suka ɗauke ta a ɓoye. Suka cusa ƙaiƙayi a buhu, suka sa masa koriyar rigar Kance, suka shimfiɗe shi a kai, suka ɗora a bayan wata tsohuwar a-kori-kura suka rufe da tabarma.

Allah da ikonsa, Matameye ta ci biyu da nema. Filin ya kaure da ihu da kiɗa. Munkaila ya yaye tabarmar, aka ɗaga makarar sama ana kukan ƙarya, ana "Allah Ya jiƙan Kance!" Wayarsa tana ta ruri a aljihu, amma ina zai ji.

Wasu dattawa suka ce abin ya isa haka. Munkaila ya ce ai rakiyar gawa har kabari ake yi. Da 'yan Kance suka hau babbar motarsu, sai a-kori-kura ta bi bayansu kan hanya, ana oda, ana waƙa. Jagoran 'yan Kance, wani mai walda da ake kira Inusa, ya juyo ya dube su kawai.

Sun yi nisa da gari motar su Munkaila ta yi tari ta mutu. Direba ya buɗe gaba ya girgiza kai. A lokacin ne Munkaila ya zaro waya, ya ga kiran Jamilatu jere a kan allo. Nan take ya kira ta.

"Kana ina?" Muryarta ta dishe da kuka. "Kawu ya cika tun la'asar. An yi masa wanka, an je ɗaukar makara ba a gan ta ba. An tafi aro a wata unguwa. Liman ya ce ba za a kai magariba ba. In ba ka zo ba, rufe shi za a yi."

Munkaila ya dubi makarar, ya dubi buhun da ke kanta. Rana ta yi ƙasa. Ya ruga titi yana ɗaga hannu, ba mota ba babur. Ya fara gudu ya nufi gari, ya ga ba inda gudun zai kai shi, ya dawo. Ya kira abokan sana'arsa, duk suna can suna shagalin nasara, ba mai ɗauka.

Can gaba, motar 'yan Kance ta tsaya ana zuba ruwa a injin. Mota ɗaya ke nan a duk hanyar. Munkaila ya tafi wurinsu da ƙafa, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Ga masu ta'aziyya nan!" wani ya ce. Wasu suka fara tattare hannun riga.

Munkaila ya durƙusa a gaban Inusa. "Kawuna ya rasu. Shi ne ubana. Za a rufe shi ban gan shi ba."

Wani saurayi ya ce, "Ya hau makarar tasa ta kai shi mana."

"Rufe mana baki," in ji Inusa. "Ƙwallo aka ci mu, ba imani ba. Direba, juya."

Da hannunsa ya sauke buhun daga makarar, ya cire rigar garinsu ya naɗe, ya kaɗe ƙaiƙayin. Aka ɗora makarar a motar. Duk hanya Munkaila yana tsaye riƙe da ƙarfe, idonsa a kan rana, yana ji kamar ya sauka ya tura motar.

A ƙofar gida suka tarar da tabarmi ba mutane. An riga an yi salla an wuce. Inusa ya ce a zarce maƙabarta.

Sun iske ana jera itace a kan kabarin. Munkaila ya kutsa cikin jama'a ya faɗi a gwiwa. Bai ga ko likkafanin ba. Ƙasa kawai ya samu ya zuba, hawaye na bin fuskarsa. 'Yan Kance kuwa suka karɓi shebur da bokitin ruwa, suka yi aiki kamar nasu ne ya rasu.

Bayan addu'a suka mayar da makarar bayan masallaci, suka wanke ta. Munkaila ya riƙe hannun Inusa.

"Allah Ya jiƙan Malam," Inusa ya ce. "Shiga wurin 'yan uwanka."

A tsakar gida Jamilatu tana zaune cikin mata. Ba ta yi masa faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Kawu ya yi ta tambayarka," ta ce. "Duk wanda ya ɗaga labule sai ya ce, Munkaila ne? Ni kuma ina ce masa kana hanya."

Darasi: Hamayyar ƙwallo a fili take farawa, a fili ya kamata ta ƙare. Kada son ramuwa ya sa ka wulaƙanta abin da ke da alfarma, ko ka bar na gida yana jiranka, domin wani jiran ba a maimaita shi. Wanda ka yi wa dariya yau, wataƙila shi zai tsaya maka kafin rana ta faɗi. Ku tura wa duk masoyin ƙwallon da kuka sani, na garinku da na maƙwabta.