Kwandon Shayi a Bakin Rami

Akwai wata yarinya a nan Kericho, sunanta Cherotich, shekarunta sha shida. Babanta, Arap Sigei, aikinsa ɗaukar wa masu kuɗi jakar sanduna a filin golf da ke bayan gonakin shayi, yau shekara ashirin ke nan.

Ranar Litinin masu kuɗi ba sa zuwa, sai a bar wa ma'aikata da 'ya'yansu filin. A nan Cherotich ta koya. Kuma ta iya, wannan ba gardama. In ta ɗaga babbar sanda ta maka wa ƙwallo, sai ka ga manyan maza sun sa hannu a goshi suna neman inda ya faɗi.

Ga wanda bai san wasan ba: ramuka sha takwas ne, wanda ya gama su da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Kowane rami yana tsakiyar wata ciyawa da aka aske ƙwal, mu muna ce mata tabarma. Da ƙwallonka ya hau tabarma, an gama nuna ƙarfi. Sai ka ɗauki ƙaramar sanda ka tura shi a ƙasa ya gangara har rami. Bugun da ya yi tafiyar taku ɗari biyu da turin da ya yi taku ɗaya, a takarda duk ɗaya ake rubuta musu.

Wannan abin ne yake ba Cherotich haushi. Ita turi ɓata lokaci ne a wurinta. Tana zuwa, ta kalli rami sau ɗaya, ta tura. In ya shiga to, in ya wuce ta bi shi tana tsaki.

A filin akwai wata tsohuwa, Kogo Tabutany (Kogo a harshenmu kaka ke nan). Ita ke share raɓa daga kan tabarmi kowace safiya da wata doguwar gora, kuma ba ta sa takalmi. Ba ta taɓa buga wasan ba ko sau ɗaya. Amma duk ma'aikacin da ya shigo da safe sai ya biya ta wurinta ya gaishe ta, sannan ya ce, "Kogo, yau me ciyawa ta ce?"

Sai ta ce, "Tana gudu." Ko ta ce, "Tana barci."

Shi ke nan, sai mutum ya san yadda zai auna wa mai gidansa turi ranar. In an yi aski ciyawa ta bushe, ƙwallo santsi yake yi. In ta jiƙe, sai an ƙara hannu.

Kogo tana da wani tsohon kwandon tsinkar shayi. Ranar Litinin takan kifa shi a kan ramin tabarmar gwaji, ta zagaye bakinsa da ganyen shayi, ta ɗauke. Sai ta sa yara su ja da baya taku goma, taku sha biyar, taku ashirin.

Ta taɓa ce wa Cherotich, "Daga nesa kada ki nemi rami, jikata. Nemi kwando. In ƙwallo ya kwanta cikin kwando, na biyun ko akuya ta jefa shi."

Cherotich ta ce, "Kogo, ni golf na zo yi, ba tsinkar shayi ba."

"Tsinkar ma ba za su ɗauke ki ba. Mai gaggawa da itace take haɗawa."

Yara suka yi dariya. Daga ranar Cherotich ta daina biyawa ta wurin. In ta ga masu ɗaukar jaka sun tsaya gaisuwa, sai ta ce sun tafi jin labarin yanayi.

Wadda ba ta fashi a wurin kwandon ita ce Kwamboka, 'yar wata mai tsinkar shayi daga Kisii. Siririya ce, bugunta ba ya nisa. Cherotich ba ta barin ta ta huta.

"Kwamboka, ƙwallon nan naki ya karya kumallo kuwa?"

"Naki ne ya ci da yawa, shi ya sa ba ya iya zama wuri ɗaya."

To, bari in gajarta. Wata makarantar kwana ta 'yan mata a Nairobi ta aiko da saƙo cewa tana da gurbi guda ɗaya. Karatu kyauta, abinci kyauta, ga mai koyar da golf. Sharaɗi shi ne yarinya ba ta kai sha bakwai ba. Za a yi wasa na yini ɗaya, wadda ta ci ita za ta tafi. Cherotich za ta cika sha bakwai a watan Maris, don haka wannan ce ta farko kuma ta ƙarshe a wurinta.

Yara tara suka shiga, amma kowa ya san tsakanin mutum biyu ne. Arap Sigei ya ɗauki hutun ranar don ya ɗaukar wa 'yarsa jaka. Tun kafin ranar ya gaya wa duk abokan aikinsa cewa zai yanka akuya.

Saboda baƙi, an aske tabarmi sau biyu da safen, aka kuma bi su da abin dannewa. Da aka tambayi Kogo, sai ta ce, "Yau ba gudu take ba, tashi take." Cherotich ba ta ji ba. Tana can ɗaya gefen tana ta maka ƙwallaye don Misis Odera, malamar da makaranta ta turo, ta gani.

Rami na farko, ƙwallonta ya wuce rami da taku shida. Na biyu ma haka. Na huɗu har ya fice daga tabarma.

Babanta ya ce, "Rabin hannun nan za ki sa. Rabi kawai."

Wannan karon ta ji, don tana ganin takarda tana cika. Kuma yarinyar tana da kai. Kafin rami na bakwai ta kama awon, sai ta riƙa shafar ƙwallo kawai yana tafiya da kansa. Ba zan tsaya lissafa muku ramuka ba. Da suka gama na sha shida, Cherotich tana gaban Kwamboka da bugu ɗaya, sauran yaran an bar su a baya.

Sai ga ruwan la'asar, yadda ya saba. Misis Odera ta busa usur, kowa ya ruga rumfar ma'aikata. Aka yi minti arba'in ana ruwa. Kogo ta dafa shayi, aka raba mandazi, wato fanke. Cherotich ba ta zauna ba. Tana bakin rumfa tana leƙa sama, tana kaɗa sanda a ƙafa.

Da ruwa ya ɗauke, Misis Odera ta ce, "Minti goma. Mai son ta gwada turi, ga tabarmar gwaji nan."

Kwamboka ta ajiye kofinta ta fita. Ta cire takalmi, ta taka tabarmar daga wannan baki zuwa wancan. Ta tura ƙwallo biyar daga nesa. Na farko ya tsaya a rabin hanya. Na biyar ya je inda take so.

Arap Sigei ya ce wa 'yarsa, "Mu je mu ma."

"Baba, ramuka biyu suka rage. Tun safe nake turi, me zan gwada kuma?"

Kogo tana wanke kofuna, ba ta kalli kowa ba ta ce, "Ciyawa ta sha ruwa, ta kwanta."

Lokacin Cherotich ta riga ta yi gaba. Babanta ya saɓa jaka ya bi ta.

A rami na sha bakwai ta yi wani bugu mai kyau, ƙwallo ya sauka dab da rami, bai fi taku ɗaya ba. Ta taɓa shi ya shiga. Da ma da nisa ya tsaya, da ta gane abin da ruwa ya yi. Kwamboka ma ta fita da adadi ɗaya da ita. Har yanzu bambancin bugu ɗaya ne.

Tabarmar rami na sha takwas hawa biyu ce. Akwai ƙasa, akwai ɗan tudu a tsakiya, sai sama inda ramin yake. Cherotich ta nemi ta hau da bugu biyu, ƙwallon ya faɗa cikin kwarin yashi da ke gefen tabarma. Ƙarshe dai dukkansu suka hau da bugu uku, kuma dukkansu a ƙasan tudu. Kwamboka tana taku ashirin da biyar daga rami, Cherotich taku ashirin.

Ma'aikata sun zagaye wurin, har masu dafa abinci sun fito.

Wadda ta fi nisa ita ke farawa. Kwamboka ta taka har rami ta dawo. Ta ja sanda baya sosai ta tura da ƙarfi.

Cherotich ta ce a hankali, "Wannan kam sai gonar shayi."

Ƙwallon ya hau tudu, ya rage gudu, ya tsaya bai kai tsawon hannu ba daga rami. Kwamboka ta je ta ƙarasa shi. Turi biyu.

Lissafin mai sauƙi ne. Cherotich ta yi turi biyu, ta tafi Nairobi. Ta yi uku, kunnen doki. Ta yi huɗu, ta faɗi.

Babanta ya matso ya ce, "Kin ga yadda ta sa hannu? Ƙara ƙarfi. Ki dai kai shi kusa, ba sai ya shiga ba."

"Ita da ma hannunta ba ƙarfi, Baba. Ni na san awon yau."

Ta kalli rami sau ɗaya, ta shafi ƙwallon irin shafar safe.

Ya tafi, ya kama tudu, ya hau, ya hau. Saura kaɗan ya kai sama sai ya tsaya. Ya yi kamar yana shawara. Sannan ya juyo, ya gangaro a hankali, ya wuce ta gefen takalminta, ya kwanta taku ɗaya a bayanta.

Wani daga cikin masu dafa abinci ya yi tari.

Babanta ya ce, "Tsaya ki numfasa. Kwando kawai. Kunnen doki ma ya ishe mu."

Ba ta tsaya ba. Ta juya ta make shi da fushi. Ya haye tudu, ya wuce rami kamar bai san shi ba, ya tsaya taku shida a wancan gefe.

Yanzu dole wannan ya shiga kafin a yi kunnen doki. Ta tsaya a kansa, karo na farko a rayuwarta ta daɗe tana kallo. Amma hannun bai san nawa zai sa ba. Safiya ta ce masa kaɗan, tudu ya ce masa da yawa. Ta tura. Ƙwallon ya miƙe tsakiyar rami sak, ya tsaya saura yatsa huɗu.

Ta ƙarasa shi. Huɗu.

Misis Odera ta rubuta a takarda, ta kira sunan Kwamboka. Kwamboka ta zo ta miƙa wa Cherotich hannu ta ce, "Bugunki ya fi nawa, kowa ya sani."

Cherotich ta ce, "A takarda ba a rubuta wannan."

Arap Sigei ya zauna a gefe ya goge sandunan ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda ba a taɓa ba. Da suna tafiya gida ta cikin gonar shayi bai yi mata faɗa ba. Abu ɗaya ya ce: "Minti goma aka ba mu." Akuyar tana nan har yau, ta ma haihu.

A watan Janairu Kwamboka ta hau motar Nairobi da akwatin ƙarfe da buta cike da nono. A watan Maris Cherotich ta cika sha bakwai. Makarantar ta sake aikowa a shekarar, amma ba da ita ba.

Bayan wasan, Cherotich ta yi wata biyu ba ta taka filin ba. Wata Litinin da safe, rana ba ta gama fitowa ba, masu ɗaukar jaka suka gan ta ta nufi tabarmar gwaji. Kogo tana can tana jan gora, raɓa tana tarwatsewa.

Cherotich ta tsaya a baki ta gaishe ta. Kogo ta amsa ba ta daina shara ba.

Can Cherotich ta ce, "Kogo, yau me ciyawa ta ce?"

Kogo ta kalle ta daga sama har ƙasa, idonta ya tsaya a ƙafarta.

Ta ce, "Cire takalmin ki tambaye ta."

Darasi: Awon da ya yi maka aiki da safe ba lallai ya yi da la'asar ba. Duk iyawarka, in abu ya canza, tsaya ka sake gwadawa, kuma kada ka raina wanda ya fi ka daɗewa a wurin don ba ya riƙe sanda. Minti goma na haƙuri sun fi shekara ana da-na-sani. Ku tura wa wannan ƙawar ko abokin da kullum yake cewa "na riga na sani".