Mai Gyaran Agogo da 'Yarsa Bakwaini

Akwai wani mai gyaran agogo da ke da ɗan teburi a bakin kasuwa. Mutane suna kiransa Shiru, domin yana da in'ina tun yana yaro. Kafin ya fitar da kalma ɗaya wani ya faɗi goma, shi ya sa ya saba da gyaɗa kai da murmushi. In ka kawo masa agogo, aikinka zai yi kyau, amma kada ka jira hira.

Matarsa ta haihu cikin yana wata bakwai. Jaririyar ba ta fi tafin hannunsa biyu ba, har 'yan uwa suka laƙaba mata Mitsitsiya. Sati biyar ta yi a kwalbar ɗumama jarirai a asibiti kafin a sallame su.

Ranar sallama, wata dattijuwar nas ta zaunar da su. Ta ce nono da ɗumi su ne kan gaba, amma yarinyar tana bukatar fuska da murya. Su kwantar da ita a ƙirji, su yi mata magana a hankali, su dakata su ga me za ta yi. In ta kawar da kai ko ta yi hamma, ta gaji ke nan, a bar ta ta huta.

Sannan ta dubi Shiru ta ce, "Har da kai, baban yarinya. Ba aikin uwa kaɗai ba ne."

Shiru ya gyaɗa kai.

Matarsa ba ta gama warwarewa ba, ga shayarwa ba dare ba rana. Don haka kullum da safe kafin ya fita, sai ya karɓi yarinyar, uwar ta ɗan rintsa. Ya wanke hannu, ya buɗe maɓallin riga, ya kwantar da ita a ƙirjinsa. Kwana uku yana haka bai ce uffan ba.

A rana ta huɗu ya leƙa ya ga matarsa ta yi barci. Ya sunkuya ya yi wa Mitsitsiya ina kwana. Sai da ya sarƙe sau uku kafin gaisuwar ta fita. Yarinyar ba ta yi dariya ba, ba ta ƙarasa masa magana ba kamar yadda manya ke yi. Ta buɗe ido ɗaya, ta ƙura masa, ta damƙe ɗan yatsansa.

Daga ranar bakinsa ya buɗe. Yana ba ta labarin agogon da ya ƙi gyaruwa da mai shayin da ke cika sukari. In ta turo harshe, shi ma ya turo. In ta ce "eh", ya amsa mata, ya jira. Jira kuwa ba baƙonsa ba ne, duk rayuwarsa abin da yake so a yi masa ke nan.

Wata rana yayansa, wani ɗan kasuwa mai baki kamar lasifika, ya shigo ya same su a haka. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce jinjirin da ko wuya bai tsayar ba me ya sani, kuma in ma tana ji, gara uwar ta yi mata magana, kada a ɗura wa yarinya in'ina tun a zanin goyo.

Maganar ta soki Shiru. Kwana biyu ya koma gyaɗa kai. Matarsa ce ta lura, ta ce masa yarinyar nan tana ta waige-waige tana neman muryarsa, kuma ita kanta ba kullum take barci ba, tana jin hirar tasu, tana jin daɗinta. Kunya ta kama shi, amma washegari ya ci gaba.

Watanni suka shuɗe, Mitsitsiya ta yi kumatu. Tana wata tara, ana zaune a tsakar gida, sai ta daki tabarma ta ce, "Ba-ba-ba-ba."

Yayan ya tafa hannu ya ce, "Ai ga irinta nan. Na faɗa maka, ƙanena, ba ka ji ba."

Shiru ya kasa cin abinci. Ranar awo ya rufe teburinsa, ya bi matarsa asibiti. Da ƙyar ya tattaro kalmomi ya tambayi nas ko shi ne ya cuci 'yarsa.

Nas ta saurare shi har ya kai aya. Ta kira sunan yarinyar, yarinyar ta juyo, ta sake kwararo nata ba-ba-ba.

"Wannan ba in'ina ba ce," in ji nas tana murmushi. "Gwarancin jarirai ne, kowane yaro da shi yake fara magana. Shi muke jira. In ka cire wata biyun da ta riga lokacinta, daidai take tafiya. Wa ke yi mata hira a gida?"

Matarsa ta nuna shi da baki.

A hanyar komawa Shiru ne ya saɓa yarinyar a kafaɗa. Suka bi ta tsakiyar kasuwa yana nuna mata mota da akuya da mai lemo, yana faɗin sunan kowanne da ƙarfi, yana sarƙewa yana ci gaba. Maƙwabcin teburinsa ya bi shi da kallo, ya ce shekara goma suna zaune tare bai taɓa jin muryarsa haka ba.

Yayan kuwa da labari ya kai masa, da yamma ya zo ya ba da haƙuri. Ya zauna a tabarma, ya rage murya, ya tambayi ƙanensa yadda ake yi wa yarinyar hira.

Darasi: Jariri, musamman bakwaini, ba ya bukatar gwanin magana. Yana bukatar wanda zai dube shi, ya yi masa magana a hankali, ya jira amsarsa. Kada ka raina abin da kake iya ba ɗanka, kada kuma bakinka ya karya gwiwar mai ƙoƙari. Ku tura wa iyayen da ke rainon bakwaini, wataƙila yau suke bukatar jin wannan.