Duna, Jan Biri da Inabin Iya Marka

An yi wani kare mai suna Duna a wani ƙauye da lambunan inabi suka kewaye. Baƙi ne wuluk, sai bakin jelarsa fari fat kamar an tsoma a nono. Duna kare ne mai amana, amma idan yana ƙaunar abu, bakinsa ba ya iya yin shiru a kansa.

Maigidansa wani tsoho ne, Baba Cindo, wanda idanunsa suka fara dushewa. Ba ya gane fuska sai an matso, amma yana hango farin jelar Duna. Don haka duk inda za shi, Duna ne a gaba, shi kuma yana biye yana dogara sanda.

Can ƙarshen lambunan, a gindin tudu, akwai itacen inabi guda da Baba Cindo ya dasa a shekarar da ya auri Iya Marka. Duk shekara idan inabi ya fara nuna, su biyu sukan taka har can, su tsinko curin farko su ci tare a inuwa. Bana kuwa Iya Marka ta yi wata biyu a kwance, ko kunu ba ya wuce mata. Wata safiya ta ce babu abin da ranta yake so sai inabin itacen nan.

Nan take Baba Cindo ya miƙe. Ya ɗauki sandarsa da ƙoƙo, ya ce, "Duna, tashi mu je."

Suka bi ta ƙarƙashin rumfunan inabi, ganye ya rufe sama, raɓa tana ɗiga musu a ka. Masu ban ruwa suna ɗagowa suna gaishe da tsohon, suna tambayar mai jiki. Shi kuwa yana tafe yana ba Duna labarin yadda Marka take wuce shi a hanyar nan, ta tsaya can gaba ta riƙe ƙugu, wai tafiyarsa kamar ta mai jin tausayin ƙasa.

Da suka kai rabin hanya, sai ga wani jan biri zaune a kan turken rumfa. Birin nan kwaɗayayye ne, kuma yana ganin duk dajin babu wanda ya kai shi sanin abu mai daɗi.

"Kai ɗan rakiya," in ji Biri, "ina za ka kai tsohon nan da sassafe?"

Duna ya ce ba ruwansa.

"Ka tsufa kana gadin inabi, ko ƙwaya ɗaya ka taɓa sawa a baki?"

"Mu karnuka inabi ba ya karɓar mu."

"Ka ji wahala. Mai gadin abin da bai san daɗinsa ba." Biri ya yi miƙa, ya ce shi kam babu lambun da bai ɗanɗana ba a nan, kuma duk tarkace ne, babu wanda ya isa a yi masa tattaki.

Nan ran Duna ya ɓaci. Ya ce ƙarya yake yi, ai bai san itacen da ke gindin tudu ba. Ya ce inabinsa ya fi zuma, har mara lafiya ma shi kaɗai take nema, kuma yau curin farko ya nuna.

"Gindin tudu, ko?" in ji Biri. Kafin Duna ya rufe baki, ya kama reshe ya yi gaba.

Sai a lokacin Duna ya gane abin da ya yi. Ya zabura da gudu, ya yi tsalle uku, sai ya ji muryar tsohon a bayansa.

"Duna? Ina ka shiga?"

Ya waiga. Baba Cindo yana tsaye yana lalube da sanda, ga kuma babbar hanyar ruwa a gabansa, wadda ake tsallakawa ta kan gungumen giginya guda. Idan Duna ya bi Biri, zai iya cim masa. Amma tsohon zai taka shi kaɗai.

Duna ya dawo. Ya hau gungumen a hankali, ya ɗaga jelarsa sama yadda za a gan ta sosai, yana taku ɗaya yana jira. Zuciyarsa tana can gindin tudu, amma bai ƙara sauri ba har suka haye, bai kuma ƙara ba har suka isa.

Duna ya tarar Biri ya riga ya yi ɓarna. Ƙasan itacen duk ɓawon inabi ne da karyayyun rassa. Manyan curin da ke rataye a sama, Biri ya gama da su kaf. Shi kuma yana kwance a gefe, riƙe da ciki, bakinsa a buɗe.

"Maƙaryaci," in ji Biri da ƙyar. "Wannan ne ya fi zuma? Tsami kamar tsamiya. Haƙorana duk sun mutu."

Duna ko kallonsa bai yi ba. Ya kwanta a ƙafar maigidansa, ya ɗora haɓa a ƙasa, yana tunanin ƙoƙon da za su mayar wa Iya Marka babu komai.

Baba Cindo ya taka ɓawon, ya ce lallai an yi baƙo. Sannan ya dafa itacen, ya bi shi da hannu har ƙasa-ƙasa, inda wani tsohon tsumma yake ɗaure, duk ƙura da kashin tsuntsu. Ya kwance shi a hankali. Sai ga curin inabi baƙi siɗik, ya nuna har yana sheƙi.

Masu lambu haka suke yi. Curin da ya fara nuna sukan naɗe shi da tsumma don kada tsuntsaye su tsattsage shi, wanda aka bari a fili kuwa ɗanye ne. Mako uku da suka wuce Baba Cindo ya aika wa mai kula da lambun da ƙyallen. Duna bai taɓa lura ba, tun da ba ya ci.

"Na gan shi fa," in ji Biri, yana nishi. "Har na taɓa shi. Na ce ni ne zan ci abin da ke cikin tsumma?"

Baba Cindo ya ji nishinsa, ya tsinki ƙwaya ɗaya ya jefa masa. Biri ya ɗauka, ya kai baki, amma haƙoran suka ƙi. Haka ya zauna yana juya ta a hannu har suka ɓace masa.

Rana ta take lokacin da suka iso gida. Duna ya kwanta a bakin ƙofa, inda yake jin komai. Iya Marka ta karɓi ƙoƙon, ta shafa tsumman nan da aka rufe shi da shi.

"Malam," ta ce, "ashe kai ne ka yage mini zanen aurena?"

Ya ce ai gefe kaɗan ya ɗiba, kuma ba zai naɗe inabinta da tsumman kowa ba.

Ta yi dariya, irin wadda Duna ya yi wata biyu bai ji ba. Ta ci ƙwaya ɗaya, ta miƙa masa ɗaya, ta sake cin wata. Can ta tambaya ko akwai sauran kunun safe, a ɗumama mata.

Darasin wannan labari shi ne, kwaɗayi da girman kai sukan sa mutum ya tsallake abin kirki don kawai suturarsa ba ta burge shi ba. Kuma idan ka yi kuskure, kada ka saki wanda ya dogara da kai don ka je gyarawa. Ka tsaya ka raka shi har ya haye.