Tashi A Gan Ki

Ya 'yan'uwa, kwana uku ke nan muna taron farkaswa. An yi waƙa, an yi kuka, an durƙusa a gaban bagade, wayoyi kuma sun sha ɗauka. Kafin ku watse zan ba ku wani labari, kuma ba da fara'a zan ba da shi ba, domin ni kaina ina da laifi a cikinsa.

An yi wani mutum, mai walda ne, a ikkilisiyar da na fara hidima. Rumfarsa tana bakin titi, tsakanin mai faci da mai sayar da fenti. Ƙofofi da tagogin ƙarfe yake yi, kuma abin da ya haɗa ba ya ɓallewa. Ƙofar majami'armu ma aikinsa ce, kyauta ya yi mana. Yana da mata da 'ya'ya biyu, duka mata. Babbar shekararta goma sha ɗaya, yana kiran ta Uwata domin sunan mahaifiyarsa ta ci. Ƙaramar shekararta biyar, kowa Auta yake ce mata.

Wata ranar Talata aka tashi daga makaranta, yaran suka kamo hanya, babbar tana riƙe da ƙanwarta. Daidai ƙetaren rumfar babansu igiyar jakarta ta tsinke, littattafai suka zube a ƙasa. Ta saki ƙanwar ta sunkuya tana tsincewa. Auta ta hango babanta, ta ruga cikin titi. Motar rarraba burodi ta taho, idon direban yana kan wayarsa. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Bayan wata bakwai muka yi taron farkaswa irin wannan. A rana ta ƙarshe sai ga direban, matarsa ce ta jawo shi. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya ratsa tsakiyar mutane har inda mai walda yake zaune, ya zube ƙasa ya kama ƙafafunsa. Mai walda ya daɗe yana kallon sa, sannan ya sunkuya ya ɗaga shi, ya rungume shi, ya ce, "Na yafe maka saboda Yesu."

Ina wurin. Har gobe na gaskata cewa abin da ya faru a ran nan aikin Ruhu Mai Tsarki ne. Direban ya tuba, aka yi masa baftisma, bai ƙara juyawa ba.

Amma wani ya ɗauka a waya. Kafin mako ya zagayo bidiyon ya shiga ko'ina. Waɗanda ba su taɓa taka majami'a ba suna tura wa junansu suna hawaye. Aka raɗa wa mutumin suna Mai Gafara. Gayyata ta fara zuwa: wannan ikkilisiya, wancan taron matasa, gidan rediyo, gidan talabijin. Ya sayi kwat. Rumfar da ba ta rufewa sai Lahadi ta koma buɗewa sau biyu a mako, ƙarafan mutane suna kwance suna tsatsa.

To me ya yi na laifi? Ba da shaida laifi ne? A'a. Ku saurari yadda yake ba da ita.

Kullum daga wuri ɗaya yake farawa. Zai bayyana ranar, da titin, da kalar rigar Auta. Sai ya sassauta murya ya ce, "Yayarta ta saki hannunta." Sai ya ɗan dakata. Sannan ya nuna kujerar gaba, inda ya sa a ajiye wa iyalinsa wuri, ya ce, "Ga ta nan. Tashi a gan ki."

Yarinyar ta tashi. Mutum ɗari biyar su juyo su zuba mata ido. Wasu su girgiza kai, wasu su ce wayyo. Sai ya ce ta zauna, ya ci gaba zuwa wurin direba da runguma, inda ake tafi.

Yarinya 'yar shekara goma sha biyu fa, ya 'yan'uwa! Kusan kowace Lahadi, a sabon gari, a gaban sabbin idanu!

A gida kuwa, tun ranar da aka binne Auta bai ƙara kiran ta Uwata ba. "Ke" ta koma. "Ke, kawo ruwa." "Ke, matsa." Idan ta shigo falo sai ya tuna yana da abin yi a waje. Idan ita ta dafa abinci sai ya ce a ƙoshe yake. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba, bai taɓa zagin ta ba, kuɗin makaranta bai taɓa makara ba. Shi ya sa ya iya kallon madubi ya ce ba ya riƙe da kowa.

Matarsa ta yi masa magana. Wata safiya tana goge masa kwat ɗin ta ce, "Baban Auta, don girman Allah ka cire maganar nan ta hannu. Ba ka ga yadda yarinyar nan take komawa ba?"

Ya ce, "Ƙarya na yi? Ba ta saki ba? Shaida ba a rage mata komai."

Yarinyar ma ta gwada, sau ɗaya tak. Tana da shekara goma sha huɗu ta kai masa abincin rana rumfa. Ta tsaya daga gefe, inda tartsatsi ba ya kaiwa, har ya kashe injin. Ta ce, "Baba, na san ni na jawo. Ka yi haƙuri. Ka yafe mini."

Kun san abin da Mai Gafara ya yi? Ya ce, "Ajiye kwanon a can." Ya sauke baƙin gilashinsa a fuska, ya kunna injin.

Mutumin da ya ɗaga wanda ya take 'yarsa daga ƙasa ya kasa ɗaga kai ya dubi wadda ya haifa. Don me? Zan gaya muku ba tare da kwana-kwana ba. Yafe wa direba ya kawo masa tafi da kujerar manyan baƙi. Yafe wa yarinyar ba zai kawo masa komai ba, ba mai gani, ba mai ɗauka. Kuma zuciyarsa tana neman wanda za ta ɗora wa zafin nan, sai ya zaɓi wadda ba ta da bakin ramawa.

Mu kuma fa? Sau shida na miƙa masa makirufo da hannuna. Sau shida na ga yarinyar ta tashi, kanta a sunkuye, tana murza gefen zanenta. Na ce a raina kunya ce. Dattawan ikkilisiya sun gani. Zumuntar mata sun gani, su da ko ɗankwali aka ɗaura a karkace sai sun kira zama a kai. Ba wanda ya ce uffan. Majami'a tana cika duk ranar da zai yi magana, mu kuma muna kiran wannan farkaswa.

Da yarinyar ta cika shekara goma sha bakwai, wata Lahadi da safe ta ce ba za ta je ba. Ya ce idan ba za ta je ba, to ba a gidansa ba. Ta haɗa kayanta a jaka ɗaya ta koma wurin gwaggonta, ta samu aikin guga a wani gidan wanki. Shi kuwa shaidarsa ba ta canja ba. Sai dai yanzu, maimakon ya nuna kujera, yakan ce, "Ku sa ta a addu'a, ta bi duniya." Jama'a su ce wayyo, bawan Allah, jarraba a kan jarraba.

Shekara goma cif da rungumar nan, muka shirya babban taro don tunawa. Aka kafa rumfuna har waje. Aka tsara cewa shi da direban za su tsaya tare a kan mumbari. Mai walda ya gama nasa yadda ya saba, aka yi tafi, aka miƙa wa direban makirufo don ya ce amin ya sauka.

Direban ba mai iya magana ba ne. Ya ce, "Ni na kashe yarinyar nan. Waya nake kallo. Da ina kallon titi da na tsaya, ko an riƙe ta ko ba a riƙe ta ba. Shekara goma ina jin ana ɗora wa ƙaramar yarinya laifina, ina shiru don an yafe mini. Ba zan ƙara ba." Ya juya ya dubi mai walda ya ce, "Yayana, ni ka yafe mini a gaban mutane. Ita a ina ka yafe mata?"



Wannan ma an ɗauka. Ya fi na farkon gudu. Mutanen da suka yi hawaye a kan na farko su ne suka fara zagin mai walda. Gayyata ta ɗauke cak. Waɗanda ba su da bangaskiya suka samu abin dariya, suna cewa ga Kiristocin naku nan. Sunan Ubangiji ya sha zagi a bakin mutane saboda shi, kuma saboda mu.

Bayan mako biyu ya zo ofishina, ya zauna ya riƙe kai. Ya ce, "Fasto, yaya zan yi in gyara?"

Na ce, "Ka je wurin 'yarka. Kai kaɗai. Ka bar wayarka a gida. Kada ka je ka ce ka yafe mata, ba ta yi maka komai ba. Kai ne za ka roƙa."

Ya ce to.

Ko a nan ƙofa a buɗe take, ya 'yan'uwa. Matarsa ta gaya mini daga baya cewa da yarinyar ta ji babanta zai zo, sau biyu ta canja riga. Shekararta ashirin da ɗaya, amma har lokacin jira take yi.

Ya je da rana tsaka. Gidan wankin ɗaki ne mai tsawo, riguna rataye cikin leda layi-layi, kowace da 'yar takarda a manne, zafin dutsen guga ya cika wurin. Tana can ƙurya a kan teburinta. Ta ɗago ta gan shi a bakin ƙofa cikin kwat ɗinsa, ta jingine dutsen, ta goge hannu a zane, ta fara tahowa.

Sai ta ga abin da ke bayansa. Wani mutum riƙe da waya a kan sanda, wani kuma da fitilar ɗaukar hoto. Hayar su ya yi. Abin da ya je gyarawa sunansa ne.

Ya buɗe hannuwa ya ɗaga murya yadda yake yi a kan mumbari, ya ce, "Uwata, na yafe miki!"

Ta tsaya cak a tsakiyar ɗakin. Ta dube shi, ta dubi wayar. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Baba, ka matsa daga ƙofa, kana tare wa masu karɓar kaya hanya." Ta koma ta ɗauki dutsen gugarta.

Wannan ce magana ta ƙarshe da ta yi masa har yau.

Matarsa da ta ji ya je da masu ɗauka, ta kwashe kayanta ta koma wurin 'yarta. Rumfa kuwa masu kawo aiki sun daɗe da samun wani mai walda. Ya sayar da injin. Yana nan da rai, a ɗaki ɗaya. Waɗanda suka leƙa shi sun ce yakan zauna yana kunna tsohon bidiyon nan, na ranar da ya rungumi direba, yana kallo shi kaɗai.

Kada ku ce madalla, ya samu daidai da shi. Ban gama ba.

Na je wurin yarinyar da kaina. Na ce, "'Yata, abin da babanki ya yi ba halin Yesu ba ne. Ki dawo majami'a, muna ƙaunar ki."

Ta ninke rigar da ke hannunta tsaf, ta sa ta a leda, sannan ta ce, "Fasto, duk ranar da ya ce in tashi a majami'arku, kana wurin. Dukanku kuna wurin. Tafi kuka yi."

Me zan ce mata? Ku gaya mini, me zan ce? Har yanzu ba ta ƙara shiga majami'a ba. Ina yi mata addu'a kowace safiya, kuma na san idan Ubangiji ya tambayi ranta, ba babanta kaɗai zai tambaya ba.

To ku ji darasin a fili. Gafarar da ba ta iya shiga gidanka wasan kwaikwayo ce. Farkaswar da ta tsaya a bakin ƙofar majami'a hayaniya ce kawai. Duniya ba ta auna bangaskiyarmu da abin da muka tura a waya, tana auna ta da fuskar matanmu da 'ya'yanmu. Almasihu da ya ɗauki zunubanmu bai yi don tafi ba, tofa masa yawu aka yi.

Kai da ka yi birgima a nan jiya, wata nawa rabon ka da gaida ƙanenka? Ke da kika fi kowa ɗaga murya a waƙa, wace yarinya ce take jin tsoron takunki a gida? Akwai wanda ya taɓa cewa ka yafe masa ka ba shi baya? Yana nan yana jira, amma ba zai jira har abada ba. Idan an tashi, kada ka tsaya gaishe-gaishe. Ka je ka same shi, ka rufe ƙofa, ka faɗa da bakinka.

Mu kuma da muke zaune a kujeru, idan muka ga ana cutar wani da sunan Ubangiji, kada mu sake yin shiru don majami'a ta cika.

Ya Uba, ka gafarta mana taurin zuciyarmu da shirun da muka yi. Ka nemo waɗanda muka kora da halinmu, ka dawo da su gare ka, ko da ba ta ƙofarmu ba. Allah ya kiyaye mu daga tsarkin da yake ƙarewa a gaban mutane. Cikin sunan Yesu Almasihu, amin.