Takobin Da Aka Jefa Da Ransa

Masu riƙe da labarin mutanen farko sun ce, can ƙetaren Bahar Rum, a ƙasar Kaltawa mai dazuzzuka duhu-duhu da tsaunuka dogaye-dogaye, an yi wani maƙeri ana ce da shi Sagomaru ɗan Atibodu, jikan masu tsaron kogi, ƙaƙƙarfa, mai faɗin ƙirji da kaurin damtse, wanda in ya ɗaga guduma sai unguwa ta san an fara aiki. Ubansa, tsoho Atibodu, shi ne na goma sha biyu a gidansu da ya riƙi tsaron Kogin Albuna, kogin da ya ratsa birninsu ya raba shi biyu. A ƙarƙashin kogin nan kuwa akwai wata sarauniyar aljanun ruwa, ita ma Albuna sunanta, mutanen wancan zamani na jahiliyya suna bauta mata, suna kiranta uwa. To, suna da wata al'ada wadda kowa ya tashi ya tarar: ba a ba kogi abu da ransa. In takobi ne sai an lanƙwasa shi, in garkuwa ce sai an tsaga ta, ko tukunya ce sai an fasa mata gindi, sannan a jefa. Abin da aka karya ya fita daga hannun ɗan Adam ke nan, ba mai komawa ya ɗauka.

Sai Rumawa suka zo da rundunoninsu sahu-sahu, suka ci ƙasar. Su kuwa Rumawa, a faɗi gaskiya, ba su hana kowa bautarsa, amma fa ba su iya ganin abu su bar shi yadda yake. Suka gina wa Albuna ɗaki na farin dutse mai ginshiƙai santala-santala, suka sassaƙa mata gunki da fuskar wata Barumiya mai dogon hanci, suka rubuta sunanta da baƙaƙensu suka liƙa masa sunan wata abar bautarsu, ba su tambayi kowa ba. Suka kuma karɓe makamai daga hannun Kaltawa, har ta kai tsofaffi allura da cokali suke lanƙwasawa su jefa. Albuna dai gunki bai dame ta ba muddin ana kiyaye al'adarta.

Ana nan sai Ƙaisar, sarkin Rum, ya aiko da sabon hakimi mai suna Tarantiyus, jarumi ne na gaske, ba a ƙwace masa wannan, sai dai mai taurin kai ne da tsaurin ido, wanda tun yana yaro bai taɓa jin an ce masa a'a ba. Ya yi alwashi in ya ci yaƙin da zai fita, zai ba sarauniyar kogi takobinsa na gado. Ya ci yaƙin, ya dawo, ya tara jama'a a kan gada, ya zare takobin nan yana walƙiya zai jefa. Tsoho Atibodu ya kutsa cikin dakaru ya faɗi a gabansa ya ce, "Ranka ya daɗe, zakin Rum, mai bango da mazaje, a yi mini afuwa. A ba ɗana ya lanƙwasa shi tukuna. Ba a ba uwarmu ƙarfe da kaifinsa."

Hakimi ya dube shi sheƙeƙe ya ce, "Tsoho, a ƙasarmu ba a karya takobi sai na wanda aka ci da yaƙi. So kake in kai wa abar bauta tarkace, ko so kake a ce Rum ta durƙusa?" Ya wulwula takobin ya wurga shi tsakiyar ruwa, ya nutse tsaye da tsininsa ƙasa. Dakaru suka yi sowa, Kaltawa kuwa suka watse cikin fargaba.

Gari na wayewa aka nemi kogi aka rasa. Kai, abin ba kyan gani! Jiragen ruwa sun kwanta a kan haƙarƙarinsu, kifaye na birgima cikin taɓo, mata sun tsaya da tuluna a ka suna kallon juna. Tarantiyus ya ce sihiri ne tsohon nan ya yi don ya kunyata shi. Ya sa aka ɗaure Atibodu da sarƙa a gindin ginshiƙin gada, can ƙasa inda ruwa ya saba gudu, ya yi shela cewa in rana ta take tsaka a yini na uku ruwa bai dawo ba, a fille masa kai. Sagomaru ya sauka wurin ubansa ya rungume shi yana kuka wiwi, ƙato da shi. Tsohon ya ce, "Haba ɗana, kuka ba zai kwance ni ba. Ruwan nan bai ƙafe ba, janye shi aka yi. Bi hanyarsa ka hau, ka je ka ba uwarmu haƙuri."

Sagomaru ya kama hanya cikin busasshen kogi, yana tafe taɓo na riƙe masa ƙafa, ya wuce ƙauyuka makoki-makoki da gonaki yaushi-yaushi, ba ci ba sha, zuciyarsa na wurin tsohon da ya bari cikin rana. A yini na biyu, da ya sha kwanar wani tsauni, sai ya ja ya tsaya. Ga kogin nan gaba ɗayansa tsaye a kan ƙafarsa kamar garun birni, ya fi giginya goma tsawo, kore shar, yana ƙugi yana ƙaruwa, a cikinsa kuwa ana hango rundunar aljanu a kan dawakai farare fat, sun ja daga suna jiran umarni. A gindin garun akwai wani tsohon aljani mai gemun gansakuka da idanu jajaye, shi ne Sarkin Ƙofa. Ya daka masa tsawa ya ce, "Kai bil'adama, ɗan masu cin amana, me ka kawo wa ƙofa?" Sagomaru ba shi da komai sai ƙawanyar zinariya da ke wuyansa, wadda marigayiya uwarsa ta saka masa ranar da ya zama namiji. Ya ciro ta, ya dube ta sau ɗaya, ya karya ta biyu, ya ajiye a ƙasa. Sarkin Ƙofa ya sassauta murya ya ce, "Ashe da sauran masu tarbiyya. Shigo."

Ruwa ya dare masa ya shiga, sai ga shi a wani birni mai soraye shuɗɗa-shuɗɗa da tituna na farin wuri, inda ya ga abin da ya ɗaure masa kai: duk abin da aka karya a tudu, a nan lafiyarsa lau. Tukwanen da aka fasa suna kan murhu, garkuwoyin da aka tsaga suna rataye ba tabo, har ya gane takubban da shi da hannunsa ya lanƙwasa, ga su miƙe sambal a ɗamarar fadawa. Aka kai shi fada. Sarauniya Albuna na zaune a kan karaga, doguwa, mai kwarjini da ban tsoro, gashinta na gudana har ƙasa, amma a kuncinta na dama akwai sara tun daga ido har haɓa, yana zubar da wani shuɗin ruwa ba ƙaƙƙautawa. A jikin karagar kuwa ga takobin hakimi ya kafe, an ɗaure shi da sarƙoƙi bakwai, yana karkarwa yana neman wanda zai sara.

Sagomaru ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Ranki ya daɗe, uwar gulabe, mai shayar da birni da ƙauye. Baƙo ne ya yi kuskure, bai san al'ada ba, a wurinsa girmamawa ce. Ubana, bawanki, ya hana shi, ga shi can a ɗaure, gobe da tsakar rana za a yanka shi in ba ki sauko ba."

Sarauniya ta ce, "Zan sauko, ɗan Atibodu, kuma gobe da tsakar rana. Abin da kuka kashe a can, rayayye yake iso mana, kyauta ce. Abin da kuka jefo da ransa, da yunwarsa yake zuwa, wannan kuwa a shari'ar aljanu aiken yaƙi ne. Dubi fuskata. Gobe zan faɗa wa birninku gaba ɗaya, da gadarsa da ɗakin dutsen da suka gina mini."

Hankalin Sagomaru ya tashi, don ya ga ko ruwa ya zo ko bai zo ba, ubansa matacce ne. Ya roƙi a ba shi takobin ya lanƙwasa shi nan take. Aka kai shi maƙerar aljanu, aka hura masa wuta mai narkar da dutse, ya yi ta dukan ƙarfen nan tun da ƙarfinsa har guduma uku suka tarwatse, amma ina! Ko gezau bai yi ba. Sarauniya ta ce, "Kada ka wahalar da kanka. Ba ya lanƙwasuwa sai hannun da ya jefo shi na riƙe da shi. Ɗauki ka kai masa. Ni da rundunata muna biye da kai. In inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa ƙarfen nan na miƙe, kada ka ga laifina."

Da hantsin yini na uku aka ɗora shi a kan wani dokin aljanu, ya sukwano cikin busasshen kogi, tafiyar yini biyu ya yi ta kafin rana ta take, garun ruwa na biye da shi yana tumɓuke itatuwa. Ya iso gada ya tarar an durƙusar da ubansa, hauni ya ɗaga gatari, hakimi na tsaye kusa da dakarunsa. Inuwar garun ta rufe birni, mutane suka ɗora hannu a ka suna kururuwa. Sagomaru ya diro ya miƙa wa Tarantiyus takobin ta wajen ƙota ya ce, "Ranka ya daɗe, ga kyautarka an dawo da ita. Ka lanƙwasa shi da hannunka yanzu, in ba haka ba duk mun hallaka."

Hakimi ya karɓa, ya dubi ruwan, ya dubi dakarunsa da suka zuba masa ido. Fuskarsa ta yi fari, amma taurin kai, wallahi, ciwo ne. Ya ce, "Barume ba ya karya takobinsa a gaban mazajensa. Gara ruwan ya ci mu." Ya ɗaga wa hauni hannu, alamar ya sare tsohon.

Nan Sagomaru ya yi abin da bai taɓa yi wa babba ba. Ya tofa wa hakimi yawu a fuska ya ce, "Matsoraci, ɗan matsorata! A ƙarfe ka ɓoye mazantakarka!" Tarantiyus ya yi ruri ya kawo masa suka a ƙirji da iyakar ƙarfinsa. Abin da maƙerin ke jira ke nan. Ya cafe kaifin da tafukansa biyu tsirara, ya kafa gwiwa a tsakiyar ƙarfen, hakimi na ja ta ƙota shi yana danna ta tsini, kaifi na ratsa nama yana cin jijiya har ya kai ƙashi, jini na kwarara ta gwiwar hannunsa, bai saki ba. Ƙarfen ya yi wata ƙara mai ban tausayi, ya lanƙwashe kamar lauje a hannun mai shi. Sagomaru ya fizge shi ya cilla cikin garun ruwa.

Garun ya tsaya cik. Sannan ya kwanta a hankali, ruwa ya fara gangarowa cikin hanyarsa ta da, ya taɓa idon sawu, ya kai gwiwa. Hauni ya yar da gatari ya arce, dakaru suka haye tudu, aka bar tsoho ɗaure a gindin ginshiƙi, ruwa na hawa ƙugunsa. Sagomaru ya kai hannu ga sarƙar, yatsunsa suka ƙi kamawa, ya sa haƙori, ya sa kafaɗa, yana kiran "Baba! Baba!" ruwa ya kai wa tsohon wuya. Sai ya ji an ture shi gefe. Tarantiyus ne, bai gudu ba, ya ciro mabuɗi daga ɗamararsa ya nutse cikin ruwan da sulkensa, ya daɗe har aka fid da rai, sannan ya taso da tsohon a kafaɗa.

Daga ranar hakimi ya sa aka sassaƙa doka a jikin gada cewa kada a ƙara ba kogi abu sai an karya shi, ya kuma naɗa Sagomaru sarkin tsaron kogi na goma sha uku, aka yi kwana bakwai ana biki. Amma hannayen nan da suka yi suna a ƙasar Kaltawa sun ƙandare, ba su ƙara riƙe guduma ba, ko cokali ba su iya ɗauka. Ranar walimar naɗi, manyan Rum da na Kaltawa na zazzaune, aka ajiye masa akushi ya yi ta kallonsa, kunya ta rufe shi. Tsoho Atibodu ya matso, ya gutsuro loma ya kai masa baki ya ce, "Ci, ɗana. Ni na fara ba ka abinci a duniya, ban kuwa gaji ba." Shekara tara tsohon ya ƙara a duniya, kuma kullum shi ke ciyar da shi.

Wannan labarin mutanen da ne, waɗanda hasken shiriya bai riske su ba. Ruwa da aljan da sarki duk bayin Mai Sama ne, Allah Ya ba mu ikon jinƙan iyayenmu tun suna raye.